Harsashin Da Ya Dawo Gida

Kullum da safe idan na gama saka kwalli, ƙarnin tagulla yakan maƙale min a yatsu har sai na wanke da sabulu. Jikokina sun gaji da ce min in yar da wannan tsohon abu, su sayo min na kanti mai murfin roba. Ni kuma na gaji da ba su amsa, sai in ce su ƙyale ni da tsufana. Abin da nake zuba kwalli a ciki kwanson harsashi ne, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, ya yi baƙi saboda shekaru da maiƙon hannu. Idan ka juya gindinsa za ka ga wasu haruffa da lambobi a zagaye, da wata 'yar lotsawa a tsakiya. Ba na son ba da labarinsa, don duk ranar da na ba da shi nakan wuni jikina a mace. Amma tunda ka zauna, bari in gaya maka.

A Limawa na tashi, a gidan kakannina na wajen uba. A lokacin ba a daɗe da mayar da Minna babban birnin jiha ba, ko'ina ka duba gini ake yi, baƙin fuskoki sun cika gari, motocin yashi suna ta kai da kawowa. Mu dai gidanmu bai san an yi wani canji ba. Mu huɗu ne a ciki: kakana da muke kira Baba Tsoho, da matarsa Iya, da mahaifiyata, sai ni. Akwai kuma ɗaki guda da ake sharewa duk Juma'a a sake rufewa, ɗakin mahaifina. Ya tafi yaƙin basasa ina ciki, aka gama yaƙin, na wasu suka dawo, na wasu aka aiko da labarin mutuwarsu. Namu kuwa cewa aka yi ba a gan shi ba. Wannan magana ta fi mutuwa wahala, don ba ta bari a yi kuka a huta.

Baba Tsoho shi ma tsohon soja ne, amma na yaƙin Bama. Da ya dawo ya yi gadi a wajen ajiye kaya na tashar jirgin ƙasa har ƙafafunsa suka gaza. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai saurin fushi da wanda ya yi masa surutu kafin ya karya kumallo. Ni kaɗai yake sakar wa fuska. Amaryarsa yake kirana, ni kuma in ce Allah Ya tsare ni da auren tsoho mai haƙori uku, sai ya yi dariya har ya yi tari. Mutanen gari Saje suke ce masa.

Abin da ya sa zaurenmu ba ya rabo da baƙi shi ne harsashi. Bayan yaƙi, tsofaffin harsasan soja sun bazu a hannun mutane, ban san ta inda suke fitowa ba, ba na kuma jin masu sayen sun cika tambaya. Mafarauta daga wajen Gwada sukan zo ranar kasuwa da 'yan ƙulle-ƙullensu cikin tsumma, su tsuguna a gabansa. Baba Tsoho ko wasiƙa ba ya iya karantawa, amma gindin harsashi kam, karatu yake yi masa kamar allo. Sai ya ɗauki ɗaya, ya goge da bakin rigarsa, ya karkata shi wajen hasken ƙofa, ya runtse ido ɗaya. Haruffan su ne sunan gidan da aka ƙera shi, lambobi biyun nan kuma shekarar da aka ƙera shi. A tsakiya akwai wani ɗan da'ira da yake kira cibiya, inda bindiga take duka. Idan cibiya ta lotsa, an riga an harba shi, komai kyan da aka yi masa daga baya. Zoben fentin da ya kewaye cibiyar kuwa shi ke faɗin halinsa: mai launin shuni lafiyayye ne, mai ja kuma wuta yake ja a wutsiya, wanda duk ya harba shi a busasshen daji sai ya ƙone gonakin mutane.

Na tuna wani maharbi da ya yi gardama. Ya ce, "Saje, wanda ya sayar mani ya rantse, ya ce sabo ne fil."

Baba Tsoho ya ce, "Ya rantse da bakinsa. Wannan kuwa shekararsa a gindinsa take, ya girme ka. Ka kai shi rafi ka jefa, ko ka bar 'ya'yanka marayu, ruwanka."

Ba ya karɓar ko kwabo. Wani ya kawo doya, wani zabo, wani kuma godiya kawai. Ni aikina korar kaji daga tabarma da yi masa tsiya, amma kunnena yana ɗauka.

Shi kansa harsashi biyu ya dawo da su daga Bama, 'yan gida ɗaya, shekara ɗaya. Tun a can ya zare kawunansu, ya zubar da albarushin, ya sa wani malami a cikinsu ya rubuta masa addu'a, ya naɗe ya cusa a ciki, ya mayar da kan. Haka wasu sojojin lokacin suke yin laya. Ɗaya yana cikin wani gwangwanin taba a ƙarƙashin gadonsa. Ɗayan kuwa ya sa baduku ya ɗinke shi da jar fata, aka bar gindin a waje, ya rataya wa mahaifina a wuya ranar da zai tafi. Kowa a gidan ya san wannan, har maƙwabta.

Mahaifiyata ta zauna a gidan nan shekara da shekaru bayan an gama yaƙi. Ba wanda ya ɗaure ta. Malamai sun faɗa tun tuni cewa ta cika jiran da shari'a ta ɗora mata, in ta je gaban alƙali zai sallame ta. Kara ce ta zaunar da ita. Yaya za ta dubi idon Iya ta ce ta fid da rai? Ita Iya kuwa mahaifina ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu, saboda haka alkunya ta hana ta ko ambatar sunansa. "Yaron nan" take cewa, shi ma sai ta kama dole. Ba ta taɓa kuka a gaban mutane ba, sai dai kullum tana ƙara ramewa, har ta kai ba ta fita ko barkar haihuwa. Tsakanin mahaifiyata da Baba Tsoho kuma akwai kunyar suruki. Daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi, kanta a ƙasa. Idan tana da magana ni ake aikowa, ni ce wayar da ke tsakaninsu. Ban taɓa ganin ta taka cikin zaurensa yana ciki ba, ta ƙofar baya take fita.

Ana cikin haka wani tela daga Sabon Gari, wanda matarsa ta rasu, ya aiko yana neman ta. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba, ko da yake na ɗauki shekaru ban yarda da hakan ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo ya zauna da Baba Tsoho, suka yi magana ta manya. Aka tsayar cewa da zarar an yi shuka za a je wajen alƙali. Iya ta shiga ɗakin nan da ake sharewa ta daɗe ba ta fito ba. Mahaifiyata kuwa na ga ta fara 'yar waƙa a bakin murhu, abin da ban taɓa ji ba. Yarinya ce a lokacin, yanzu nake ganin haka. Ko talatin ba ta kai ba.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, shinge, garar nan mai fiffike, ya cika gari muna ta kamawa, sai ga baƙo ya yi sallama da hantsi. Ramamme ne, da tsohuwar rigar soja wadda ta koɗe, takalminsa ɗaure da igiya. Ya ce tare suka yi yaƙi da mahaifina, ya faɗi kamanninsa, har tabon da ke haɓarsa bai manta ba. Ya ce mahaifina yana nan da ransa a wani ƙauye a tsallaken iyaka, ta wajen Kamaru, ƙafa ɗaya ya rasa, kunya ce ta hana shi dawowa gida a gurgu. Ya ce idan ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, shi da kansa zai je ya taho da shi. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya fito da harsashi ɗinke cikin jar fata, ya ce ga shaida ya bayar a kawo.

Iya da ke laɓe a bayan ƙofa ta yi wata irin ƙara, ta faɗo cikin zauren ba ko mayafi. Ita ta fara warce shi, ta manna a ƙirji. Da ƙyar aka karɓa aka miƙa wa Baba Tsoho. A zauren har da abokinsa, wani tsohon soja Kirista mutumin kudancin Zariya, wanda suka yi Bama tare, kullum da hantsi yana nan suna shan rana suna faɗa a kan abin da ya wuce. Baba Tsoho ya goge gindin harsashin da bakin riga kamar yadda ya saba, ya karkata shi wajen haske, ya runtse ido. Ya daɗe a haka. Ya dubi baƙon, baƙon ya sunkuyar da kai. Ya dubi Iya da ke durƙushe a gabansa. Sai ya miƙa mata, ya ce, "Allah mai iko."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kowa kuma ya ɗauka ya tabbatar. Abokinsa ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani, ya duba, ya mayar. Ya ɗauki sandarsa ya tafi gida tun azahar ba ta yi ba.

Baƙon ya kwana biyu a gidanmu. Bai taɓa haɗa ido da Baba Tsoho ba, amma ya ci abinci kamar wanda ya shekara bai ga tuwo ba. Ranar da zai tafi Iya ta haɗa masa saƙo ya kai wa yaron nan: ƙuli-ƙuli, da dambun nama, da gwadonta na saƙa wanda ta ajiye tun na aurenta. Baba Tsoho da kansa ya raka shi har tasha, ya kuma cire takalminsa ya ba shi. A lokacin na ɗauka murna ce.

Ba zan yi maka ƙarya ba, daminar nan ita ce mafi daɗi a duk yarintata. Iya ta miƙe kamar ba ita ba. Ta sa aka yaɓe ɗakin mahaifina, ta shuka kuɓewa da yakuwa a bayan gida don yana son miyarsu, ta koma zuwa suna da biki tana gaya wa kowa. Harsashin yana ƙulle a bakin zanenta, in za ta kwanta ta sa shi ƙarƙashin matashi. Ta nemi wani kafinta ya fara sassaƙa sandar guragu, har suna gardama a kan tsawonta. Ni kuwa na cika 'yan ajinmu da labari, na ce babana yana zuwa, kuma da ƙafa ɗaya ya fi na kowa gudu. Duk jirgin da ya yi kuka a tasha sai gabana ya faɗi.

Maganar alƙali ta mutu, ba wanda ya sake tayar da ita. Wa zai raba auren mai rai? Mahaifiyata ta aika wa tela cewa ya yi haƙuri. Ta yi kitso, ta yi lalle, ta taya Iya duk abin da take yi. Amma waƙar nan ta bakin murhu ta daina. Na sha ganin ta tsaya da muciya a hannu tana kallon bango har tuwo ya kama. Ban san ko murna take yi ko tsoro ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Wanda ya canza sosai Baba Tsoho ne. Ya daina karɓar mafarauta, ya ce idonsa ya yi rauni, alhali ina ganinsa yana zare ƙaya daga ƙafata ba ko tabarau. Ya daina kirana amarya. Abokinsa ya ɗauke ƙafa, sai sau ɗaya da ya zo ana yayyafi, ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa da lema. Ina zaune ina gyaran gyaɗa, bai damu da ni ba.

Ya ce, "Saje, ni idona bai mutu ba. Kai ka gani, ni na gani."

Baba Tsoho ya ce, "Tsohuwar nan tana cin abinci. Rabon da ta ci har ta suɗe hannu, ka sani?"

"Ita yarinyar nan, matar ɗanka fa? Ita ba mutum ba ne?"

Baba Tsoho ya kau da kai. Abokin ya girgiza kai ya juya cikin ruwan. Ni ban gane komai ba, na ɗauka faɗansu ne na kullum.

Ruwa ya ɗauke. Aka yanke dawa, sababbin doya suka cika kasuwa, hanyoyi suka bushe har suka fara tsagewa. Iya takan ɗauki kujera ta zauna a ƙofar gida daga la'asar har a kira magariba. Sandar guragu tana jingine a ɗakin da aka yaɓe. Kuɓewar ta tsufa a jikin karanta, Iya ta hana a tsinke, ta ce a bar masa. Ba baƙo, ba labarinsa. Sai ga gwaggon tela ta zo, ta zauna da mahaifiyata a tsakar gida, ta yi magana cikin mutunci. Ta ce ɗansu ya yi jiran da zai iya, yana da marayu ƙanana a gida ba mai duba su, dangi sun samo masa wata. Amma ya ce a zo a ji daga bakinta tukuna, idan akwai sauran magana zai tsaya, idan babu a yafi juna. Ta ce za ta dawo bayan Juma'a.

Washegari Iya ta shiga wanka ta bar zanenta a kan igiya. Ina kallo mahaifiyata ta kwance ƙullin, ta ɗauki harsashin. Na miƙe don na san ni za a aika, sai ta ce in zauna. Ta gyara mayafinta, ta nufi zaure. Ni dai ban zauna ba, na bi ta, don ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta yi sallama, ta shiga har ciki, ta durƙusa a gefen tabarmarsa, ta ajiye harsashin a gabansa. Ta ɗaga kai ta dube shi.

Ta ce, "Baba, ka gafarce ni, yau na cire kunya. Kana karanta wa mutanen daji don kada su cuci kansu. Ni ma ka karanta min."

Baba Tsoho ya daɗe yana kallon abin nan ba tare da ya taɓa shi ba. Sannan ya ce in ɗauko masa gwangwanin taba a ƙarƙashin gado. Na kawo, ya buɗe, ya fito da nasa, ya jera su biyun a kan tabarma, gindinsu yana kallon ta. Ya ɗauki tsinke yana nunawa, da irin muryar da yake yi wa mafarauta, sai dai a hankali.

"Wannan nawa ne, ɗan'uwan wanda na rataya masa. Ga haruffa biyu da kibiya a tsakani. Ga arba'in da uku, shekarar da aka ƙera shi ke nan. Wannan da aka kawo, haruffansa daban, ba kibiya. Ga sittin da shida. Lokacin da aka ƙera shi na shekara ashirin da dawowa, ina gadi a tasha. Ba daga aljihuna ya fito ba."

Mahaifiyata ba ta san lamba ba, ya kuma san haka. Sai ya tura su gabanta ya ce ta shafa tsakiyar kowanne da yatsa. Ta shafa nasa, sumul. Ta shafa ɗayan, yatsanta ya faɗa cikin lotsawar.

Ya ce, "An harba shi. Kwanso ne aka tsinta, aka cusa masa kai, aka ɗinke. Nawa bai taɓa shiga bindiga ba. Mutumin ya san mijinki, wannan gaskiya ne, ya ga layar a wuyansa. Yunwa ce ta kawo shi. Ina jin ya san inda aka bar shi, shi ya sa ya kasa duban idona."

Ta ce, "Tun ranar ka sani, Baba?"

Ya ce, "Tun ranar. Na ci amanarki damina guda, 'yata. Ki je wajen alƙali, ni zan yi miki shaida."

Ba mu ji shigowar Iya ba. Tana tsaye a ƙofar ciki, ruwa yana ɗiga daga kanta. Matar da ta shekara arba'in ba ta yarda ta nuna ita ta haife shi ba, ranar ta buɗe baki a gaban surukarta da jikarta ta ce, "Ƙarfe ne zai gaya min ɗana ya mutu? Ɗana? Kai da ƙarfenka ku je can!" Ta sunkuya ta ɗauke harsashin baƙon, ta mayar bakin zanenta ta ƙulle. Ni kuwa na fashe da kuka, na ce wa Baba Tsoho mugu ne, ya kashe min uba. Bai ko tsawata min ba.

An je wajen alƙali, mahaifiyata ta yi takaba, aka ɗaura aurenta da tela. Ni aka bar ni a Limawa, don 'ya ta gidan ubanta ce, kuma ba wanda ya iya cewa a raba Iya da ni ma. Sabon Gari ba nisa, da ƙafa ake zuwa, amma ga yarinyar da ta saba kwana a bayan uwarta, kamar wata ƙasa ce. Na yi fushi da kowa. Na yi fushi da ita don ta tambaya, na yi fushi da shi don ya amsa, daga baya da na yi wayo na sake fushi da shi don bai amsa da wuri ba. Fushi ma gajiyar da mutum yake yi, a ƙarshe na ajiye.

Iya ba ta sake yi wa Baba Tsoho magana ba sai ta dole. Tana dafa masa abinci, ni nake kai masa. Ta ci gaba da zama a ƙofar gida da la'asar, tana ramewa kamar da, har ta kwanta, ba ta ga wata daminar ba. Da mata suka zo raba kayanta, mahaifiyata ta ce ba ta son komai sai abin da ke ƙulle a bakin zanen. Baba Tsoho ya koma karanta wa mafarauta, amma ba ya ƙara yi musu faɗa, ya faɗi abin da ya gani kawai ya yi shiru. Abokinsa ya dawo shan rana. Baba Tsoho ya rayu har ya ga aurena, ranar ce ma ya sake kirana amarya, ya ce na yaudare shi na bi yaro. Kafin ya rasu ya ba ni gwangwanin taban.

Na haifi 'ya'ya uku kafin in lura da abin da mahaifiyata take zuba kwalli a ciki. Ta farke jar fatar, ta zare kan, ta yi masa murfi da ɗan tsumma. Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, abin maƙaryacin nan kike sa wa a ido kullum? Ga na gaskiyan a wajena, in kina so in kawo miki."

Ta ci gaba da saka kwallinta, sai da ta gama ido biyun sannan ta ce, "Wanda ke wajenki na kakanki ne. Na ubanki yana can a wuyansa, inda yake kwance. Wannan shi kaɗai ya zo gida. A kansa na yi masa kitso, a kansa kuma na yi masa takaba. Ki bar min abina."

Yau duk sun tafi. An rushe zauren an yi shaguna, keke mai ƙafa uku yana tsayawa daidai inda Iya take ajiye kujerarta. A da harsashi abu ne da ake ƙullewa a tsumma a kawo wa tsoho ya duba. Yanzu mutanen ƙauyukan Shiroro da suka gudo gari suna cewa a gona ake tsintarsa kamar tsakuwa. Akwai wata mata da ta kama ɗaki a gidanmu, an tafi da mijinta daga gona, har yau ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Kwanakin baya na ga ɗanta yana busa wani kwanso kamar usur. Na karɓa, hannuna da kansa ya goge gindin da bakin zane, ya karkata shi wajen haske. Uwar ta matso da sauri, ta ce, "Mama, kin iya karantawa? Me ya ce?"

Na dubi fuskarta, na ga fuskar da na sani tun ina yarinya. Na ce mata shekarar da aka ƙera shi kawai yake faɗa, ba ya faɗin inda mutum yake. Ta ce to, ta koma wankinta. Ni kuma na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ga gwangwanin taba da na gaskiyan a ciki, rabon da in buɗe shi har na manta. Na maƙaryacin ne a gaban madubi, gobe ma da shi zan saka kwalli.